Sitiyarin da Aka Ɗaure da Ƙarfen Gadon Kaka

A kusurwar tsakar gidanmu na Madina akwai wata tsohuwar Boksuwaja da ta daɗe a ajiye, tun ina 'yar firamare. Ta Baba ce. Da ita ya yi hatsari a hanyar Badar wata shekara da ya je sayo dabino. Yana cikin gudu sitiyari ya kwance masa a hannu, motar ta wuntsila, Allah ya sa da sauran kwana ya fito da karaya a kafaɗa. Rufin ya lotse, ƙofofin suka maƙale, amma injin da ƙarfen ƙasan motar ba abin da ya same su. Aka jawo ta gida aka jingine. Tun daga ranar Baba bai sake riƙe sitiyari ba. Tattabaru suka gaje ta, ni kuma nakan zauna a inuwarta da la'asar ina haddar waƙoƙin Larabcin da ake ba mu a makaranta.

Ina shekarar ƙarshe a makarantar horon malamai ta 'yan mata lokacin da Yayana ya zo da abin da ya tashi tattabarun nan. Shi direba ne, yana kai kayan lambu Yanbu, inda ake ta gina matatun mai a wancan zamanin. Wata Alhamis ya dawo da wani abu ɗaure a bayan babbar motarsa, ruwan ɗorawa, mai sheƙi, ba rufi, ba ƙofa, ba taya. Wani Bature ne da ya gama aikinsa zai koma ƙasarsu ya bar masa. Ya ce gangar jikin mota ce ta faiba, irin abin da ake yin ƙananan jiragen ruwa da shi, kuma an yi ta ne don a ɗora a kan ƙasan Boksuwaja. Mutum biyu suka sauke ta kamar suna sauke faifai.

Kaka, mahaifiyar Baba, tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta. Ta kare ido da hannu ta dube ta da kyau.

"Maigidana, wace irin ƙwarya ce wannan ka kwaso mana?"

Haka take kiran Yaya, kamar yadda kakanni suke tsokanar jikokinsu maza.

"Ya sitti, hadi sayyara," in ji shi.

"Yi mini Hausa, ɗan nema. Larabcinka ka kai wa Larabawa."

"Mota ce, Kaka. Marar rufi. Da ita zan kai ki Ƙuba."

Kaka ba ta yi dariya ba. Ta sauke hannunta a hankali ta ɗora a kan gwiwa.

Tana ƙaramar yarinya ta baro ƙasar Hausa da iyayenta, a ƙasa, suna tafiya suna tsayawa suna noma a gonakin Sudan har suka tsallako teku. Da ta zauna a Madina sai ta riƙe wata ɗabi'a guda: duk Asabar ta yi alwala a gida, ta taka har masallacin Ƙuba ta cikin gonakin dabino, ta yi nafila ta dawo. Ina ƙarama nakan bi ta ina riƙe da gefen mayafinta. Sai gwiwoyinta suka gaza. An gwada kai ta a tasi, an gwada bas, amma da zarar an rufe mata ƙofar mota sai jiri ya kwashe ta, ta yi ta amai har ta kwana biyu ba ta cin abinci. Daga baya ta hana a sake gwadawa. Shekaru suka wuce, duk safiyar Asabar sai ta yi alwalarta kamar mai shirin fita, ta zauna a bakin ƙofa tana fuskantar kudu.

Baba ya saurari shirin Yaya a kan tabarmar cin abinci, bai katse shi ba. Da ya gama sai ya ce, "Motar ta zama taka, ka yi abin da ka ga dama da ita. Amma uwata ba za ta shiga ba sai na gwada sitiyarin da hannuna."

Lokacin sanyi ne, sai Yaya ya duƙufa. Duk ranar da ba shi da tafiya yana tsakar gida. Ya kwance tsohon jikin motar, ya wanke inji, ya ɗora sabuwar gangar a kan ƙarfen ƙasa, wanda yake kira shasi. Gidan ya cika da warin gam ɗin faiba, wani wari mai hawa kai, ga ƙaiƙayin garinta da yake shiga tufafi. Ummanmu ta hana shi shanya kayansa kusa da namu. Komai ya zauna daidai, sai abu ɗaya. A tsohuwar motar, sandar sitiyari tana ɗaure ne a jikin ƙarfen gaban direba. Yanzu ƙarfen ya tafi tare da tsohon jiki. Sandar ta taso daga wajen tayoyin gaba ta shigo ciki, ba abin da yake riƙe da wuyanta, tana lilo kamar reshen da iska ta karya.

A nan na sami aiki. Yaya yakan kwanta rigingine, kansa a inda ƙafafun direba suke zama, ni kuma in zauna a kan akwatin lemo in riƙe sitiyarin a tsayin da yake so.

"Sama shuwayya, kaɗan kawai. La', la', ya yi yawa. Ƙasa. Bas, ya isa! Kada ki motsa."

"Hannuna ya gaji, Yaya."

"Alƙalami bai gajiyar da ke sai darkasun? Riƙe."

Darkasun shi ne sitiyari a bakin mutanen Hijaz. Ina riƙe da shi, idona a kan bangon gidanmu, amma a zuciyata bangon ya tsage na fita. Na bi hanyar Badar, na wuce duwatsu baƙaƙe, na gangara har Yanbu inda aka ce da yamma teku yakan koma kalar tagulla. A wancan lokacin mace ba ta tuƙi, ban ma taɓa kawo wa raina zan yi ba. Duk da haka ni ce na fara zama a mazaunin direban motar nan, kuma na yi tafiye-tafiye da ita tun ba ta da kujera.

Yaya ya huda faibar gaban direba, ya kafa sandar a jikinta da manyan notuna, ya ɗaure tamau. Da na saki, sitiyarin ya tsaya. Muka yi ta murna.

Baba ya dawo daga sallar la'asar aka gaya masa. Ya cire takalmi kamar mai shiga ɗaki, ya zauna, ya yi bisimilla. Ya kama sitiyarin da hannu biyu ya fizgo shi zuwa ƙirjinsa, ya tura, ya jijjiga shi hagu da dama da dukkan ƙarfinsa. Sai muka ji ƙas, kamar an taka ɓawon ƙwai. Wata siririyar tsaga ta taso daga gindin noti ta miƙe har gefe.

"Ya Baba, ai ba wanda yake tuƙi haka," in ji Yaya.

"Kai ba ka yi haka. Rami zai yi."

Ya sa takalminsa ya shiga ciki.

Washegari Kaka ta ce a ɗauko ta a kawo ta kusa da motar. Muka zaunar da ita a kan kujera, ta bi tsagar da ɗan yatsa tun daga farko har ƙarshe, ta ƙwanƙwasa faibar ta kasa kunne.

"Ba na ce muku ƙwarya ce ba? Tsagewa kawai ta yi. Ɗinke ta za a yi."

Kaka tana da wata ƙwarya da uwarta ta taho da ita daga gida, ta sha ɗinki har ɗinkin ya fi lafiyayyen wurin yawa, kuma ba ta yoyo. Ita take gyara abarta tun da babu gyartai a Madina. Yaya ya yi dariya har da riƙe ciki, amma da ya ga ba wasa take yi ba sai ya ɗauko injin huda. Ta sa ya fara huda ƙaramin rami a daidai inda tsagar ta tsaya, don kada ta ci gaba. Sannan ramuka bi da bi a gefe da gefe. Maimakon zaren kaba aka sa wayar tagulla. Tana zaune tana ba da umarni, "Ja sosai, maigida, ko ba ka ci tuwo ba ne?" Da aka gama ya shafe wurin da gam. Ɗinkin ya fito reras, ja a kan ruwan ɗorawa, har ya fi wurin kyau a kan da. Dukanmu muka yarda an gama. Mun ga ƙwaryar Kaka tana riƙe fura shekara da shekaru, me zai hana wannan ta riƙe sanda guda?

Baba ya sake zama, ya sake bisimilla, ya fizga. Wannan karon ba ƙas muka ji ba, ɓaras muka ji. Faibar ta ɓalle ta ɗaya gefen, noti da guntunta suka faɗo a kan ƙafarsa, sitiyarin ya sunkuya a cinyarsa. Na ga fuskarsa ta canza, na san ba tsakar gida yake gani ba, hanyar Badar yake gani. Sai Kaka ta yi magana.

"Ku dai shaida, ɗinkina bai kwance ba."

Gaskiya ne, bai kwance ba. Umma ta toshe baki da mayafi ta gudu kicin.

Bayan wannan Yaya ya yi kwanaki bai taɓa motar ba. Tattabaru suka fara dawowa suna leƙe. Sanyi kuma ya soma ja da baya, ruwan randa ya daina cizon haƙori da safe. Kowa ya san zafin Madina in ya sauka, ba a fita da tsohuwa a mota marar rufi. Wata rana ina shafa wa Kaka man zaitun a gwiwa ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "In zafi ya shigo sai baɗi ke nan. Ni kuwa ba mu yi alkawari da baɗi ba."

A tafiyarsa ta gaba Yaya ya tsaya wurin wani mai gyaran jiragen faiba a bakin tekun Yanbu. Mutumin ya gaya masa faiba fata ce kawai, ba a ɗora mata nauyi. Sai an sami bututun ƙarfe mai kauri, lanƙwasasshe kamar bakin ƙofar masallaci, a kafa ƙafafunsa biyu a kan shasi, ya ratsa ta ƙarƙashin gaban direba, a ɗaure sandar a jikinsa. Yaya ya dawo da ƙwarin gwiwa ya nufi wurin mai waldan unguwarmu, wani Bahaushen Sudan. Suka yi ta gwada lanƙwasa bututun ruwa da wuta. Duk wanda suka lanƙwasa sai ya tsuke a kusurwa ya yi rauni, don ba su da injin yin wannan aikin. Yaya da kansa yake jefar da su, bai ma kawo wa Baba ya gani ba. Aka ce akwai masu injin a Jidda, amma sai an bi layi, ga aikin kamfanoni ya yi musu yawa.

Ni nake kwana a ɗakin Kaka. Gadonta na ƙarfe ne, kore, fentin ya goge a wurare. Kakanmu ne ya saya mata shekarar da suka fara samun ɗaki nasu na kansu a Madina. Takan ce tun daga gida har Hijaz a ƙasa ta kwana, wannan ne abu na farko da ya ɗaga ta sama. Wata safiya ina ninke shimfiɗata na ga yadda take tashi. Na sha gani, amma ranar ce na lura. Ta miƙa hannu biyu ta kama ƙarfen kan gadon, ta ja da dukkan nauyinta, ta jijjiga, ta sake ja har ta zauna. Daidai yadda Baba yake yi wa sitiyari. Ƙarfen ko gezau. Na bi shi da ido: bututu ne guda mai kauri, ya taso daga ƙasa, ya lanƙwashe sumul ba tsukewa, ya miƙe, ya sake lanƙwashewa ya sauka.

Na cire ɗankwalina na auna faɗinsa, na ƙulla a inda ya tsaya, na fita tsakar gida da gudu na auna cikin motar. Bambancin bai kai tafin hannu ba.

Da na gaya wa Yaya ya je ya auna da awonsa na ƙarfe, ya daɗe tsugune a gaban gadon. Sannan ya tashi ya ce, "La'. Da shi take tashi. Ki bar maganar."

"Wace magana ce za a bari a ɗakina ban ji ta ba?" in ji Kaka.

Yaya ya ce ba komai. Ta matsa, na faɗa mata. Ta juya ta dubi ƙarfen, ta shafa wurin da tafin hannunta ya cinye fentin har ya yi fari.

"Ku kira mini ubanku."

Baba ya zo ya durƙusa a bakin ƙofa. Da ya ji, ya ce, "Inna, gadon da Baba ya saya miki? Kuma da me za ki riƙa tashi?"

"Da wannan," ta nuna ni da haɓa. "Karatu bai cinye mata hannu ba, na ga tana riƙe wa wancan sitiyari. Shi kuwa mai gadon, da yana nan, a bayansa zai goya ni ya kai ni Ƙuba. Ku cire."

Aka cire kan gadon, aka tokare wurin da bulo. Mai walda ya rage tsayin ƙafafun ƙarfen, ya liƙa musu faranta masu ramuka, ya ƙara wani guntun ƙarfe da zai tokare shi ta gaba don kada ya rinjaya. Yaya ya shigar da shi ƙarƙashin gaban direba ya ɗaure ƙafafun a kan shasi. Ya yanko robar tsohon tub na taya ya naɗe wuyan sandar, ya kawo maƙalin ƙarfe mai kamar ƙaramar munduwa ya rungume ta da shi a jikin bututun. Inda sandar take wucewa kusa da faiba ya bar tazarar ɗan yatsa, don kada su taɓa juna ko kaɗan. Wurin da ya ɓalle ya toshe shi da sabuwar faiba, amma ɗinkin Kaka ya bar shi yadda yake.

Ni ce dai mai riƙewa, yanzu a kan kujera ta gaske. Ina jin kowane juyi na sufana yana hawowa ta cikin sandar har tafin hannuna, nauyin yana raguwa kaɗan kaɗan, kamar wani yana karɓar kaya daga kaina.

"Saki," in ji Yaya daga ƙasa.

"In saki duka?"

"Fukki, ya binti, saki!"

Na buɗe hannuwana. Sitiyarin bai ko san na sake shi ba.

Baba ya zo bayan la'asar. Ya cire takalmi, ya zauna, ya yi bisimilla. Ya fizga. Ya tura. Ya tokare ƙafa ya ja har jijiyoyin wuyansa suka fito. Motar gaba ɗaya ta yi ta rangaji a kan tayoyinta, tattabarun da suke kan katanga suka tashi fir, amma sitiyarin yana tafiya ne tare da motar, bai rabu da ita ko da kaurin gashi ba. Baba ya daina. Bai sauke hannuwansa ba, ya bar su a kai, ya daɗe a haka yana kallon bango. Sannan ya sunkuya ya leƙa ƙasa ya ga koren ƙarfen.

"Ku nemo mata matasai masu laushi," ya ce. "Kai kuma kada ka wuce gudun jaki."

Ranar Asabar Kaka ta yi alwalarta kamar kullum, amma ba ta zauna a bakin ƙofa ba. Hantsi bai ɗaga ba muka fito. Yaya ya ɗauke ta cak ya tsallakar da ita gefen motar ya zaunar a kan matasai. Na hau ɗan bencin baya da abayata. Har an ta da inji sai ga Baba ya fito yana ɗaure gutura, ƙyallen kansa, a haɓa, ya hau kusa da ni, gwiwoyinsa har ƙirji.

Yaran unguwa suka bi mu da ihu har bakin titi. Masu shaguna suka fito suna nuna mu. Wani ɗalibin jami'a ɗan Najeriya ya zo wuce mu a kan keke, ya ji Hausa, ya rage gudu ya jera da mu.

"Hajiya, barka da hawa! Ina aka bar rufin?"

"Yana wurin ɗinki, ɗana. Wuce ka ba mu hanya."

Ya wuce ɗin kuwa, don kekensa ya fi mu sauri.

Da muka bar gidaje muka shiga tsakanin gonaki sai iska ta canza. Ƙanshin na'ana'a da jiƙaƙƙiyar ƙasa ya taso, injinan ban ruwa suna bugawa a nesa, inuwar dabino tana faɗowa a kanmu tana wucewa. Ina ta leƙen fuskar Kaka ina jiran alamar jiri. Babu. Idonta a buɗe, tana nuna wurare tana faɗin abin da yake nan da, rijiya a can, wata bishiyar magarya a nan da aka sare. Hannunta ɗaya kuwa ta zura shi ƙarƙashin gaban motar. Na sunkuya na duba. Ta laluba ta sami wurin nan da fenti ya goge, ta riƙe shi kamar yadda take yi duk safiya. Baba bai ɗauke ido daga hannuwan Yaya ba sai da farar hasumiyar masallacin ta bayyana a saman dabinai. A nan na ji ya sauke numfashi.

Muka riƙe ta ni da wata mata har sashen mata. Ta yi nafilarta a zaune. Ta daɗe ƙwarai a addu'a, ni kuma na zauna a bayanta ina kallon yadda hasken taga yake tafiya a kan mayafinta, ban ce mu tafi ba.

Washegari da safe ta kira ni daga kan gadonta marar kai. Na tsaya a gabanta na kafa ƙafafuna na ba ta hannu biyu. Ta ja, na yi tangaɗi, ta sake ja har ta zauna.

"Ƙarfen ya fi ki tsayuwa," ta ce tana haki. "Amma za ki koya."

Na koya. Mun sami Asabar ɗin da suka rage kafin zafi ya sauka, sannan Yaya ya lulluɓe motar da tamfol. Da sanyi ya dawo ya yaye shi ya kori tattabaru, Baba ya sake jijjiga sitiyarin, Kaka kuma ta sa na ɗauko mata matasanta.